Muhawara: Shin wasan tambayoyi zai tsayar da masu ziyara a shafin karatu?

Malam Auwalu, Zariya:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani aiki da nake son ƙarawa a shafina na intanet, wanda yawancinku kun san darussan tarihin ƙasar Hausa da na adabi nake wallafawa a kansa domin ɗaliban babbar sakandare. Abin da alƙaluman shafin suke nuna mini shi ne, mafi yawan masu shigowa daga Facebook ko WhatsApp suke zuwa, su karanta darasi ɗaya, wataƙila ma rabinsa, su fita, kuma ba kasafai suke dawowa ba. Na yi tunanin sanya wasan tambayoyi a ƙarshen kowane darasi, irin wanda mutum zai zaɓi amsa ya ga makinsa nan take. Tambayoyina biyu ne. Da wace manhaja ya kamata in yi, tun da a kan WordPress aka gina shafin? Sannan shin wannan abu yana ƙara wa ɗalibi ilimi da gaske, ko kuwa ɓata lokaci ne kawai da aka yi wa kwalliya?

Injiniya Nura, Kano:
Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta farko tana da sauƙi. Tun da WordPress kake amfani da shi, ka duba H5P, wadda wani kamfani mai suna Joubel a ƙasar Norwe ya ƙirƙira, kyauta ce, kuma ana maƙala ta a WordPress kamar yadda ake maƙala ta a Moodle da Drupal. Tana ba ka damar yin tambaya mai zaɓi, da cike gurbi, da jawo kalma a ajiye ta inda ta dace, kuma abin da ya fi burge ni a cikinta shi ne kana iya sauya rubutun da ke kan maɓallanta zuwa Hausa, ta yadda ɗalibi ba zai karanta tambaya da Hausa ba sannan ya ci karo da umarni da Turanci. Google Forms ma yana da tsarin jarrabawa mai ba da maki, amma kamanninsa na takardar cikewa ne, ba ya jan hankalin yaro. Kahoot kuwa, wanda shi ma daga Norwe ya fito a 2013, ba na ba ka shawararsa a wannan aiki, domin ƙarfinsa a cikin aji yake, inda malami zai haska tambaya a allo yara su yi rige-rigen amsawa da wayoyinsu.

Gargaɗi ɗaya zan yi maka. Masu karanta shafinka da ƙananan wayoyi suke shigowa, da data ƙalilan, wasunsu kuma da Opera Mini a yanayin tsananin tattalin data, wanda ba ya tafiyar da JavaScript, wato harshen kwamfuta da irin wannan wasa yake aiki da shi, yadda ya kamata. Kada ka yanke hukunci da abin da ka gani a kwamfutarka. Ka ari waya mafi arha da za ka iya samu, ka gwada a wurin da sabis ba shi da ƙarfi, sannan ka sanya wasan a shafi na daban wanda ake shiga ta hanyar danna maɓalli, domin kada nauyinsa ya hana darasin kansa buɗewa.

Dokta Kabiru, Sakkwato:
Malam Auwalu, ni tambayarka ta biyu zan ɗauka, domin ita ce uwa. Amsar ita ce yana ƙarawa, amma da sharaɗi. A 2006 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, na Jami'ar Washington da ke birnin Sant Luwis a Amurka, sun ba ɗalibai wani ɗan rubutu su karanta. Wasu aka ce su sake karantawa, wasu kuma aka karɓe takardar aka ce su rubuto abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti 5, waɗanda suka maimaita karatu ne suka fi. Da aka gwada bayan mako guda sai lamarin ya juya, waɗanda aka sa suka yi fama da ƙwaƙwalwarsu suka wuce su nesa. Wato ƙoƙarin zaƙulo abu daga ka shi kansa karatu ne, ba aunawa kawai ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin duk wanda ya yi makarantar allo ya san cewa ba a wanke allo sai an biya karatu da ka a gaban malam, kuma tilawa ce take riƙe hadda.

Ga sharaɗin. Waɗancan ɗalibai da kansu suka fito da amsa, ba zaɓi aka jera musu ba. Tambaya mai zaɓi huɗu tana da illa biyu: wanda bai san komai ba yana iya cin kashi 25 cikin 100 da canki-canka, sannan, wanda ya fi muni, shi Roediger ɗin da abokan aikinsa sun nuna daga baya cewa ɗalibi yakan riƙe amsar ƙarya da ya zaɓa, ya tafi da ita a matsayin gaskiya, matuƙar ba a gyara masa ba. Maganin da suka gano shi ne a nuna masa amsar daidai bayan ya amsa. Saboda haka wasan da zai ce wa yaro «ka ci 6 cikin 10» ya sallame shi, ba tare da ya nuna masa huɗun da ya faɗi da dalilin faɗuwarsa ba, yana iya barinsa da kuskuren da bai shigo da shi ba. Ni a ganina bayanin da ke biyo bayan amsa shi ne darasin, tambayar kuwa ƙofa ce kawai.

Malam Auwalu, Zariya:
Na gode, Injiniya, na gode, Dokta. Ke nan aikin ya ninka, domin kowace tambaya sai an rubuta mata bayani. Injiniya, shin H5P tana ba da wurin rubuta irin wannan bayani?

Injiniya Nura, Kano:
Tana bayarwa, Malam, har ma kowane zaɓi kana iya rubuta masa nasa bayanin daban, ta yadda wanda ya zaɓi amsa ta biyu zai ga abin da ya dace da kuskurensa, ba irin na wanda ya zaɓi ta uku ba.

Hajiya Bilkisu, Katsina:
Ina yi wa kowa sallama. Na daɗe ina shirya wa 'yan aji shida tambayoyin gwaji, kuma ina so in ja hankalin Malam Auwalu cewa manhajar ba ita ce wahala ba, cikin yini ɗaya zai koye ta. Wahalar tana wurin rubuta tambaya mai kyau, musamman amsoshin ƙaryar da ake jerawa tare da ta gaskiya. Idan ka tambayi shekarar da Turawa suka ci Kano da yaƙi, ka jera 1903 da 1960 da 1492 da 2001, ba ka gwada komai ba, domin ko wanda bai buɗe darasin ba zai ware ukun nan. Amma idan ka jera 1804 da 1900 da 1903 da 1914, kowace shekara a cikinsu tana da abin da ya faru a cikinta wanda ɗalibi yakan rikita: hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu, da kafa mulkin Ingila a Arewa bayan karɓa daga hannun kamfanin Neja, da cin Kano da Sakkwato, da haɗe Arewa da Kudu. Duk wadda yaro ya zaɓa, ka sami damar koya masa abu guda a cikin bayanin. Irin wannan tambaya ɗaya ta fi goma na cika fage.

Akwai kuma ɗabi'un da mu malamai muke yi ba mu sani ba, yara kuwa sun gano su tuntuni. Amsar gaskiya takan fi sauran tsawo saboda mun yi mata taka-tsantsan, kuma mukan so ɓoye ta a zaɓi na uku. Ka sa manhajar ta riƙa cakuɗa jerin amsoshin, ka kuma daidaita tsawonsu. Sannan don Allah kada ka kwashi tambayoyi daga ƙananan littattafan tsoffin jarrabawa da ake sayarwa a bakin kasuwa ka zuba ba tare da ka duba ba, domin na sha samun amsar da aka yi wa alama a cikinsu ba daidai ba ce.

Malam Isufu, Maraɗi:
Hajiya ta taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Malam Auwalu, ka tuna cewa shafin da aka rubuta da Hausa ba ya tsayawa a Jibiya ko Illela, mu ma muna karantawa. Idan ka tambaya wane ne ya zama Sarkin Katsina bayan jihadi, amsarka za ta kasance Ummarun Dallaje, kuma daidai ne ga birnin Katsina. Amma yaron Maraɗi ya tashi yana jin cewa zuriyar sarakunan da aka fitar sun taho nan suka ci gaba da sarautarsu, yana jin sunan Ɗan Kasawa, kuma har yau sarkinmu Sarkin Katsina ake kiransa. Idan na'ura ta buga masa jan kuros ba tare da bayani ba, zai ɗauka shafin ne bai san tarihi ba, kuma ba zai dawo ba. Gyaran ba shi da yawa: a ce «sarkin Fulani na farko a birnin Katsina», sai a yi amfani da bayanin a ambaci Maraɗi. Haka nan jerin Banza Bakwai ya sha bamban daga littafi zuwa littafi, don haka bai dace da tambayar da take da amsa ɗaya tak ba.

Abu na biyu shi ne cike gurbi. Dokta ya nuna cewa fito da amsa da ka ya fi zaɓi amfani, na yarda, amma wayoyin yara da yawa ba su da haruffa masu lanƙwasa. Wanda ya san amsar ita ce Ɓaure ko Ƙanƙara zai rubuta ta ba lanƙwasa, na'ura ta ce ya faɗi. Mu a Nijar kuma da ƴ muke rubuta abin da ku kuke rubutawa da 'y. Dole a koya wa manhajar ta karɓi duka.

Injiniya Nura, Kano:
Gaskiya ne, Malam Isufu. A cike gurbi na H5P ana iya jera amsoshi da yawa da za a karɓa a gurbi ɗaya, don haka sai Malam ya sanya mai lanƙwasa da mara lanƙwasa, amma a bayanin ya nuna daidaitaccen rubutu. Sai dai idan darasin na ƙa'idojin rubutu ne, a nan kam lanƙwasar ita ce abin gwadawa, sai a koma ga zaɓi.

Alhaji Tanimu, Kumasi:
Ranku ya daɗe, malamai, duk abin da kuka faɗa ilimi ne, amma ina ganin kun bar tambayar da ta kawo Malam Auwalu. Damuwarsa mutane ba sa dawowa. Ni ɗan kasuwa ne, kuma na san mutum ba ya komawa inda bai ga riba ba. A sanya allon zakaru wanda zai nuna sunayen mutum goma da suka fi maki a kowane mako, a sanya agogo mai ƙirga daƙiƙa domin jini ya ɗan motsa, sannan a ba na ɗaya kyautar katin waya ko data. Ni zan ɗauki nauyin kyautar wata uku na farko idan Malam ya amince. Duolingo, wanda miliyoyin mutane suke koyon harsuna da shi tun 2012, ai da irin wannan ya riƙe jama'a, da gasa da ƙirga kwanakin da mutum ya jera bai yi fashi ba.

Malama Rukayya, Jos:
Allah ya saka wa Alhaji da alheri a kan wannan tayi, amma ina roƙon a yi nazari kafin a karɓa. Kyauta tana buƙatar lambar waya, allon zakaru yana buƙatar suna, kuma masu karanta shafin nan akasarinsu ba su kai shekara 18 ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda aka sanya wa hannu a watan Yuni na 2023, ta tanadi cewa sai da amincewar iyaye ko waliyyi za a tattara bayanan yaro idan a kan amincewa aka dogara, kuma akwai hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, da ke sa ido. Ko da babu doka, ku yi tunanin sunan yarinya 'yar aji biyar da garinsu a fili a kan allo, lambar wayarta kuma tana ajiye a shafin da mutum ɗaya yake kula da tsaronsa a lokacin da ya samu sarari. Kada mu manta cewa abin kunyar kwasar bayanan jama'a na kamfanin Cambridge Analytica da ya fallasa a 2018 da wasan tambayoyin gane hali ya fara a Facebook, kuma Facebook da kansa ya ce bayanan mutane har miliyan 87 ne mai yiwuwa aka kwasa. Tun daga lokacin mutane masu hankali suke ɗari-ɗari da duk wasan da zai ce sai ka ba da lamba kafin ka ga makinka. Shawarata ita ce kada a nemi rajista sam. A bar kowa ya shiga, ya amsa, ya ga sakamakonsa, ya fita.

Injiniya Nura, Kano:
Ina goyon bayan Malama, kuma akwai dalili na fasaha. H5P a cikin wayar mai amsawa take duba amsa, wato amsoshin suna sauka tare da shafin, kuma duk yaron da ya ɗan san kwamfuta zai iya leƙa su. Idan wasan na koyo ne, wannan ba matsala ba ce, domin wanda ya leƙa kansa ya cuta. Da zarar an sanya kati, sai an koma tsarin da ake duba amsa a kwamfutar da ke ɗauke da shafin, sai an hana mutum ɗaya shiga da layuka biyar, sai an yi maganin masu tura wa juna amsoshi a WhatsApp. Wannan aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, Alhaji.

Alhaji Tanimu, Kumasi:
Na ji batun lambar waya, kuma hujja ce mai ƙarfi, na janye kyautar. Amma agogon fa? Ban yarda a cire shi ba. Yaran nan JAMB za su zauna, wadda tun 2015 gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, tambaya 180 cikin awa 2. Yaron da bai taɓa amsa tambaya agogo yana gudu a gabansa ba, ranar jarrabawa hannunsa zai yi rawa ko da ya san amsa. Idan shafin Malam ya saba masa da wannan, ya yi masa babban gata.

Hajiya Bilkisu, Katsina:
A nan Alhaji yana da gaskiya, amma abubuwa biyu ne ake haɗawa. Akwai gwajin koyo, akwai atisayen jarrabawa. Wanda ke ƙarshen darasi bai kamata ya zo da agogo ba, domin so ake yaro ya tsaya ya karanta bayanin, kuma agogo yana koya masa tsallake shi. Ga kuma wanda sabis ɗinsa yake yankewa, ko mai larurar gani da yake sauraron shafin ta TalkBack, duk agogo zai zalunce su. Atisayen jarrabawa kuwa a ware masa shafinsa, a rubuta a sama cewa mai lokaci ne, a jinkirta bayanan har sai an gama. Amma ina ba Malam shawara kada ya taɓa wannan sai na farkon ya zauna da gindinsa.

Dokta Kabiru, Sakkwato:
Batun dawowa da Alhaji ya tayar yana da amsar da ba ta buƙatar kati. Ku dubi Wordle, wasan kalmomin da wani injiniya mai suna Josh Wardle ya saki a ƙarshen 2021, wanda jaridar New York Times ta saya a farkon 2022. Ba shi da kyauta, ba ya neman rajista a lokacin, kalma ɗaya ce tak a rana, kowa kuma irin ta kowa yake samu, sannan mutum yana iya tura sakamakonsa ga abokai ba tare da ya tona amsar ba. Ƙarancin ne ya sa ake dawowa. Malam zai iya yin tambayoyi biyar na ranar Juma'a, uku daga darasin makon, biyu daga darussan da aka wuce da wata guda. Waɗannan biyun su ne masu muhimmanci, domin tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa tana da sauri a farko sannan ta lafa, kuma bitar da aka ba wa tazara ta fi wadda aka cusa a zama ɗaya. A ƙarshen kowane bayani kuma a sanya mahaɗin da zai mayar da mutum ga sakin layin da amsar take, ta haka wanda ya shigo don wasa zai ƙare da karatu.

Malam Isufu, Maraɗi:
Tun da ana maganar fasalin wasan, ina da ƙari. A kacici-kacicinmu na dandali, wanda ya kasa ba ya yin canki, sai ya ce «na ba ka gari», mai tambaya ya karɓi garin sannan ya faɗi amsa. Me zai hana a sanya wannan a matsayin zaɓi na biyar? Yaron da bai sani ba ya danna shi, a buɗe masa amsa da bayani, ba tare da ya ɗora hannunsa a kan amsar ƙarya ba, wadda Dokta ya ce takan maƙale. Kuma Malam zai ga bambanci tsakanin tambayar da yara suka jahilta da wadda suka fahimta a karkace.

Malama Rukayya, Jos:
Wannan shawara ta yi mini, kuma ta kawo mu ga yadda za a auna nasara. Malam, kada ka ruɗu da alƙaluman Google Analytics, manhajar ƙirga masu ziyarar shafi, domin a tsarinsa na yanzu duk ziyarar da ta wuce daƙiƙa 10, ko aka buɗe shafi biyu a cikinta, ana lissafa ta a matsayin mai armashi, kuma wasan tambayoyi zai ɗaga wannan adadi ko da babu wanda ya koyi komai. Abin da ya kamata ka duba shi ne mutum nawa suka fara suka kai ƙarshe, nawa suka bi mahaɗin zuwa darasi, da kuma wace tambaya ce kusan kowa yake faɗuwa. Irin wannan tambaya ko dai rubutunta ne da matsala, ko kuma darasin bai bayyana wurin da kyau ba, kuma duk ana iya ƙirga waɗannan ba tare da an san sunan kowa ba.

Malam Auwalu, Zariya:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Zan fara da darussa uku na jihadi, tambaya biyar kowanne, babu agogo, babu rajista, da zaɓin ba da gari. Hajiya, idan ba zan takura miki ba, ina so ki duba mini amsoshin ƙaryar kafin in wallafa, Malam Isufu kuma ya duba waɗanda suka shafi Katsina da Gobir. Alhaji, kuɗin da ka yi niyyar kyauta da su, idan har tayin yana nan, zai fi amfani a ba malamai biyu ɗan abin sayen data domin su riƙa rubuta bayanan.

Alhaji Tanimu, Kumasi:
Tayin yana nan, Malam, amma da sharaɗin cewa atisaye mai agogo zai biyo baya kafin lokacin rajistar JAMB.

Hajiya Bilkisu, Katsina:
Ka turo su a rubuce, Malam, kowace tambaya da bayaninta a ƙarƙashinta da kuma littafin da ka ɗauko amsar, zan duba su a ƙarshen mako in sha Allahu. Ka fara da na Tabkin Kwatto, domin a nan ɗalibaina suka fi rikita Yunfa da Nafata.